Ki Tafi, Ni Zan Riƙe Baffanki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga Uwata,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya a Kankiya, ke da maigidanki Malam Kabiru da jikokina biyu masu ƙarar mini da gyaɗar iri. Mu nan Kusada lafiya lau muke. Innarki tana gaishe ki, Baffanki Salisu ma haka. Allah Ya tsare ku da tsarewarSa, Ya raba ku da sharrin abin da muke gani da wanda ba ma gani.

Sunan mahaifiyata kika ci, shi ya sa bakina bai taɓa iya kiran sunanki ba, ga shi alƙalamin ma ya ƙi. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san hannuna da ajami ya saba, bokon nan a karkace yake fito mini. Na zaɓi takarda ne saboda na san kaina. In muka zauna ido da ido, gyaran murya zan yi ta yi, in tambaye ki yara, in tambaye ki aiki, har ki tashi ban faɗi abin da ya sa na kira ki ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce Kabiru ya zo gaishe ni. Na ga yana ta murza hula a hannu, na ce masa ya faɗi abin da ke bakinsa. Da ƙyar ya faɗa. Ya ce jami'ar da ta ɗauke ki aikin koyar da ma'aikatan jinya yadda ake kula da masu taɓin hankali, tare da binciken da za ki yi na digirinki na uku, tana jiran ki ranar Litinin mai zuwa. Ya ce ke kuma kin rubuta musu cewa kin fasa, takardar tana cikin jakarki ba ki aika ba tukuna. Na tambaye shi dalili, ya sunkuyar da kai. Sai da na matsa masa sannan ya ce, "Baba, cewa ta yi in ta tahi, za ka sake tsaida ma Baffa allura."

Ba zan ɓoye miki ba, raina ya ɓaci ƙwarai. Na yini ina huci, har akuyar Innarki ta sha tsawa ba ta yi laifin komai ba. Amma da na huce na zauna na auna maganar, sai na ga ba ƙazafi kika yi mini ba. Abin da kika gani da idonki kika faɗa. Saboda haka zan lissafa miki kurakuraina a kan ƙanena da hannuna, don ki san na san su, kuma don ki tafi da su aji, ko za su yi wa wani amfani.

Ciwon ya fara masa ne da kaka, muna yankan gero, ke kina 'yar shekara huɗu. Ya daina barci, ya daina cin abin da ba shi ya ɗebo da hannunsa ba, yana magana shi kaɗai a bayan rumbu. A lokacin sunana ya fara tashi. Daga Bauranya, daga Kafinsoli, ana kawo mini marasa lafiya in yi musu tofi da rubutu, zaurena ba ya rabuwa da takalma. Na yi wa Salisu duk abin da na sani, na wanke alluna ba iyaka ya sha. Wata uku ba sauƙi. Maimakon in ji tsoro a kansa, sai na ji tsoro a kaina: me mutane za su ce, malamin da ke yi wa na waje magani ya kasa na cikin gidansa? Sai na ɗauke shi na kai shi bukkar gonarmu ta Dudunni, na ce wa jama'a ya tafi tsaron amfanin gona. Duk wanda ya ce mini, "Malam, ya jikin Salisu?" kafin ya rufe baki na ce da sauƙi. Shekara da shekaru ni nake amsa wannan gaisuwa a madadinsa, kuma ko sau ɗaya ban juya na yi masa ita da niyyar jin amsa ba.

Uwata, inda za ki ma gidan suna ne. Na ji Kabiru yana lissafa matakan, daga ƙaramin malami har zuwa farfesa, kowa da abin da ake liƙa masa a gaban suna. Ba laifi ba ne, ki nema, ni ma ina so in ji an kira ki da su ina raye. Amma ki riƙa bincikar zuciyarki. Ranar da kika ji kin fi damuwa da abin da za a ce a kanki fiye da halin da mai ciwo yake ciki, ki tuna ubanki ya bi wannan hanya, kuma ƙaninsa ne ya sha wuyarta.

Kuskure na biyu ya fi nauyi. Wata rana ya gudu daga bukkar, aka tsince shi a hanyar Kankiya ba takalmi, ƙafafunsa duk ƙaya. Na dawo da shi gida na kira maƙeri ya sa masa mari a ƙafa, na ajiye shi a ɗakin baya kusa da turken awaki. Innarki ta yi kuka ta ce, "Malam, mutum ne hwa." Na ce mata don kada ya halaka kansa na yi, kuma har ga Allah haka na gaya wa kaina. Damina biyu ya yi da ƙarfen nan. Kina ƙarama kika ga wannan, kina wucewa ta ƙofar ɗakin kullum, ban taɓa tambayar ki abin da ya bar miki a rai ba. Da kika gama sakandare kika ce jinyar masu taɓin hankali za ki karanta, na yi kamar ban gane daga inda abin ya fito ba.

Sai bayan shekaru na ji, daga bakinki, dalilin gudunsa. Muryoyi yake ji suna ce masa za a cinna wa bukkar wuta yana ciki. Tsoro ne ya kore shi, ni kuma na ɗaure mai jin tsoro a inda ba zai iya gudu ba. Tambaya ɗaya da na yi masa da na sani. To ki koya wa ɗalibanki tambaya kafin ki koya musu riƙe mutum. Su ce, me kake ji, me kake tsoro, sannan su yi shiru su jira, ko da amsar za ta zo a hargitse. Na lura ke kin iya wannan jiran, kina iya zama da Baffanki tun daga la'asar har inuwa ta kai bakin rijiya, kalmominsa ba su fi goma ba, ba ki ƙosa ba. Ban san yadda ake koyar da irin wannan a aji ba, amma ki nemi hanya, don ya fi duk abin da za su haddace.

Na uku ya shafi binciken da za ki yi. Kabiru ya ce za ki riƙa shiga gidaje kina jin labarin masu ciwo da danginsu, ki rubuta, wasu su karanta su ƙaru. To ji abin da na yi da labarin mutum. Bayan an cire masa marin, ya ɗan natsu, wata rana ya faɗa mini wasu abubuwa da yake gani da ji, abubuwan da ya ji kunyar faɗa wa kowa. Ba a yi mako ba, ina karantar da manya a zaure bayan la'asar, muna babin zikirin safe da yamma, sai na ce bari in ba su misali. Na ce akwai wani mutum da ya yi sakaci da zikiri, ga abin da ya same shi, na zayyana komai. Ban faɗi suna ba, har ina jin na yi dabara. A Kusada! Garin da in akuya ta ɓata kowa ya san ta gidan wa ce. Na ga idanu suna zarya zuwa ƙofar cikin gida. Shi kuwa yana zaune a bayan katangar zauren yana jin komai. Ga tonon asiri, ga ƙarya a kai, don Salisu ya fi ni riƙon zikiri tun muna yara.

Daga ranar bai sake faɗa mini komai ba sai gaisuwa. Ina kwana, lafiya lau, shi ke nan, fiye da shekara goma sha biyar muna gida ɗaya.

Ki riƙe wannan da kyau. Cire suna ba ya rufa asiri a garuruwa irin namu. In kika ce wata mata mai 'ya'ya shida a ƙauye kaza wadda mijinta ke sayar da fata, kin gama faɗin sunanta. Abin da mutum ya faɗa miki a ɗakinsa amana ce, ko da ya dangwala yatsa a takarda ya ce ya yarda, don sau da yawa kunyar farar rigarki ce ta sa ya yarda. Ki koma ki karanta masa abin da kika rubuta da Hausar da zai gane, in ya ce cire, ki cire, ko da nan ne wurin da ya fi daɗin karatu. Kuma kada ki ɗora wa labarin mutum darasin da ba ya cikinsa don maganarki ta yi armashi, kamar yadda na yi.

Na huɗu kuwa kin fi ni saninsa, amma bari in faɗe shi da kaina. Da kika zama ma'aikaciyar jinya, ke da Innarki kuka haɗa baki, kuka jira na tafi ta'aziyya, kuka kai shi asibiti a Katsina. Na dawo na yi faɗa, kuka ba ni haƙuri irin wanda ake ba mutum bayan an riga an gama abin da ake so. Aka sa shi a allurar wata-wata, ke kike zuwa daga Kankiya kina yi masa. Cikin 'yan watanni Salisu ya dawo mutum. Yana aski, yana bin jam'i, ya karɓi gonar wake yana nomawa. Jama'a suka yi ta zuwa suna cewa, "Malam, addu'arka ta ci." Ni kuma ina gyara zaman rawani ina cewa alhamdu lillahi, ban taɓa cewa akwai hannun ɗiyata a ciki ba.

Sai wani dattijo ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, "Malam, wai gaskiya ne allurar asibiti aka yi ma Salisu? Mu da muke cewa aikinka ne." Da kika zo da 'yar jakarki a watan, na tare ki a zaure na ce ya warke, a bar allura haka. Kika durƙusa kika ce, "Baba, wanga ciwo in aka tsaida magani dawowa yake." Na ce, "Ni na haife ki ko ke kika haife ni?" Kika ɗauki jakarki kika koma. Wata huɗu bayan nan ciwon ya dawo masa ranar kasuwa, a gaban kowa, ya yaga rigarsa yana ihu, har aka taru a kansa. Abin da na yi shekaru ina ɓoyewa ya fito da rana tsaka, kuma ni na jawo. Kika zo kika lallashe shi, kika wanke masa ƙafa, kika faro magani daga farko. Ba ki ce mini ko uffan ba, kuma shirun nan ya fi mini faɗa ciwo.

Abu biyu nake so ki ɗauka a nan. Na farko, ranar nan a zaure kin yi mini ladabi, Allah Ya yi miki albarka, amma da kin ƙi tashi. Da kin zauna kin ce ba inda za ki sai kin yi masa allurar, in ya so in yi fushin mako guda. Inda za ki akwai manya masu furfura da manyan takardu, wasunsu za su yi kuskure da murya mai ƙarfi irin tawa. Ki gaishe su, ki rage murya, amma in lafiyar mutum ce a tsakani kada ki ɗauki jakarki ki koma. Haka nan in ɗalibi ya yi miki gardama a aji, kada ki tambaye shi wa ya haifi wani. Ki saurare shi, in ya fi ki gaskiya ki ce ya fi ki, in ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba. Na yi shekara arba'in ina koyarwa, da wuya in na ce "ban sani ba" sau biyar, kuma ba don na san komai ba ne.

Na biyu, kada ki bar ɗalibanki su raina irinmu. Mai ciwo a ƙasar nan zauren malam yake fara zuwa kafin ya san ƙofar asibiti, kuma haka zai ci gaba. In ma'aikacin jinya ya harari uban da ya ce an yi wata shida ana rubutu, uban ba zai dawo ba, mai ciwon ne zai koma ɗakin baya. Su ce masa a ci gaba da addu'a, ga kuma magani, Allah ne mai warkarwa ta kowace hanya. Ni da bakina na sha karantar da cewa neman magani ba ya warware tawakkali, girman kai ne kawai ya hana ni aiki da shi a gidana. Ki saka mu cikin bincikenki, mu malaman zaure. Ki tambaye mu me ke sa mu riƙe mai ciwo har ya wuce lokaci. In kina neman na farko da zai amsa, ga ni, kuma ni na yarda ki faɗi sunana.

Yanzu bari in faɗa miki abin da na yi a makon nan, don na san alkawarin baki ba zai ishe ki ba, kuma kina da gaskiya.

Ranar Lahadi da hantsi na shiga ɗakin Baffanki na zauna a tabarmarsa. Ya dube ni kamar baƙo ya shigo. Na ce, "Salisu, gafara na zo nema." Na lissafa masa duk abin da na rubuta miki a nan, ban rage ba. Da na gama ya ce, "Yaya, marin nan na yahe tuni, na san tsoro ka ji. Maganar zaure ce ta daɗe ba ta wuce ba." Na ce na sani. Ya ce, "To ta wuce yau." Uwata, ubanki da gemunsa fari ya yi kuka a gaban ƙaninsa, shi ne ma ya koma yana ba ni haƙuri.

Jiya Laraba, da na san ba kya aiki, muka hau mota ni da Baffanki muka zo asibitinku. Na nemi abokiyar aikinki Hajiya Talatu, na roƙe ta ta karɓi yi masa allura daga wannan wata, na kuma roƙe ta kada ta faɗa miki sai takardar nan ta iso. Ta zaunar da ni kamar ɗan aji ɗaya, ta yi mini bayanin alamun da zan lura da su, rashin barci, ƙin abinci, rawar hannu, taurin wuya. Na rubuta su da ajami, ta yi ta dariya tana cewa ita ba za ta iya duba mini ba ko na rubuta daidai. A kan bencin jira muka haɗu da mutum biyu 'yan garinmu, ɗaya ma ɗansa yana karatu a wurina. Suka ce, "A'a, Malam, lafiya?" Na ji tsohon halin nan na ɓoye-ɓoye ya taso mini, amma na danne shi. Salisu ne ya ce, "Maganar allurata muka zo, Yaya ya rako ni." Na ce haka ne. Ba abin da ya same ni, yau ma an zo karatu kamar kullum.

Duk da haka ban ce ki amince da ni ɗari bisa ɗari ba, ni ma ban amince da kaina haka ba. Shi ya sa na damƙa katin asibitin a hannun Innarki, na ce mata a gaban Salisu in na sake kawo wata magana kada ta saurare ni. Ta ce, "Dama can ba niyyar saurarenka nike ba." Na kuma ba Salisu tsohuwar wayata, Kabiru zai saka masa lambarki. In kina son sanin jikinsa, shi za ki kira, ba ni ba.

A hanyarmu ta dawowa ne na faɗa masa kina shirin fasa tafiya saboda shi. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci yana cikin hankalinsa kamar lokacin ba. Wataƙila ba ki sani ba, don ba ma maganar a gida, Baffanki yana shekarar ƙarshe a makarantar horon malamai ciwon ya kama shi, kuma shi ne na ɗaya a ajinsu. Duk cikinmu shi aka sa wa ran zai yi nisa. Ya ce in rubuta miki maganarsa yadda ya faɗe ta, kada in gyara, to ga ta: "Ka ce ma ɗiyata ta tahi. Ciwon nan ya cinye karatuna ina ji ina gani, ban yarda ya ci nata ba. In ta zauna sabili da ni, ban yahe ba."

To kin ji. Ni roƙo nake yi, shi umarni ya bayar. Ki fito da takardar fasawar nan daga jakarki ki yaga ta, ki haɗa kayanki.

Zan yi kewarki, Uwata, fiye da yadda zan iya nunawa in kina gabana. Ina alfahari da ke, kuma na daɗe ban faɗa ba. Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya tsare mijinki da 'ya'yanki. Allah Ya haɗa ki da abokan aiki nagari da ɗalibai masu jin magana, Ya sa ilminki ya zama sanyi ga gidajen da ba mu sani ba. Allah Ya sa ki gama lafiya muna raye, in kuma ba ma nan, Ya sa mu samu ladan a kabari. Ki yafe mini abin da na sa idonki ya gani tun kina ƙarama.

Ranar Litinin da safe kada ki wahalar da kanki zuwa Kusada sallama. Mu za mu zo tashar Kankiya, ni da Baffanki. Ya riga ya ba da babbar rigarsa wanki, ya ce shi zai ɗaukar miki jaka har cikin mota.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki.